Idan Maganin Ciwon Daji Ya Gamu da Tsaiko: Jagora ga Maras Lafiya da Masu Jinyarsa

Da wuya a sami wanda ya fara maganin ciwon daji ya kai ƙarshensa a kan ranakun da likita ya rubuta masa tun farko. A takarda ana iya cewa za a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, zagaye 6 ko 8, da tazarar mako 3 tsakanin kowane zagaye, daga nan a yi aiki ko a wuce gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, amma jiki da aljihu da halin da asibitocinmu suke ciki kowanne yana da ta cewa. Yau jini ya yi ƙasa an ɗage kemo, gobe zazzaɓi ya kwantar da mutum, jibi na'urar gashi ta tsaya ko likitoci sun tafi yajin aiki. Tsaikon mako guda likita ya san yadda zai cike shi. Wanda yake gagararsa shi ne maras lafiyar da ya koma gida da niyyar dawowa mako mai zuwa, sai bayan wata 5 aka sake ganinsa, ciwo ya riga ya bazu. Da yawa daga cikin masu ɓacewa daga magani a daidai irin wannan gaɓa suke ɓacewa, kuma a nan ne aikin dangi da abokai ya fi nauyi.

Mataki na farko: kada a bar asibiti ba a san dalilin tsaikon ba

A ranar da aka ce yau ba za a yi kemo ba, hankalin maras lafiya yakan tashi har ya kasa riƙe abin da ake gaya masa. Ya yi sammako, ya biya kuɗin mota, wataƙila ma an riga an sayi maganin yana cikin leda, sai nas ta dubi takardar gwajin jini ta ce a dawo mako mai zuwa. Abin da yake ji a zuciyarsa shi ne ciwo ya fi ƙarfin magani, alhali sau da yawa maganin ne yake aikinsa har ya taɓa ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Saboda haka wajibi ne wani mai natsuwa ya riƙa shiga tare da shi wurin likita, riƙe da littafi da alƙalami.

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, matuƙar shi kaɗai ne, kuma duk inda aka je da maras lafiya ana tafiya da shi. A shafin farko a rubuta sunan ciwon kamar yadda yake a sakamakon gwajin tsoka, da lambar fayil, da sunayen magungunan kemo ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka kowace ziyara ta sami shafinta: kwanan wata, nauyin jiki, adadin jini, abin da likita ya ce, da ranar dawowa. Kafin a tashi daga gaban likita a tabbatar an ji amsar waɗannan tambayoyi da kunne: me ya sa aka ɗage, wace rana za a sake gwajin jini, me za a yi a gida kafin ranar, wace alama ce idan ta bayyana ba za a jira ranar ba, kuma wa za a kira idan abu ya taso da dare. Mutanenmu suna da kunyar yi wa likita tambaya, suna ganin kamar rashin ladabi ne, sai su fito su tare mai gadi ko wani majinyaci suna tambayarsa. Wannan kunya ba ta da muhalli a nan.

Mataki na biyu: a san abin da ba ya jiran gobe

Wannan shi ne sashen da ya kamata kowa a gidan ya haddace, har da yaran da ake aika kyamis. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma a yawancin magunguna sukan kai matuƙar ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin. A cikin waɗannan kwanaki ƙwayar cutar da mai lafiya zai kwana da ita ya tashi garau tana iya shiga jinin mai shan kemo ta galabaitar da shi cikin 'yan sa'o'i. Don haka a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye kusa da gadonsa. Idan zafin ya kai digiri 38, ko yana rawar sanyi ko da ma'aunin bai nuna zafi ba, a tafi asibiti a lokacin, ko da ƙarfe 2 na dare ne, kuma da isa a faɗa wa wanda ke karɓa cewa wannan mutum yana kan kemo, a nuna ranar da aka yi masa na ƙarshe.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙasarmu sananne ne. Duk zazzaɓi a wurinmu maleriya ce, sai a aika yaro ya sayo maganin maleriya da farasitamol, jiki ya yi sanyi, kowa ya ce Alhamdulillahi an sami sauƙi. Farasitamol yana rufe zazzaɓin ne kawai, ƙwayar cutar tana nan tana aikinta. Yana yiwuwa maleriyar ce da gaske, amma gwaji ne zai faɗa, kuma likita zai duba adadin fararen ƙwayoyin jini ya fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ɓata lokaci ba idan ya ga sun yi ƙasa. Haka kuma kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen ko asfirin ba tare da izinin likitansa ba, domin suna iya jawo zubar jini a lokacin da ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka ragu, kuma suna wahalar da ƙoda.

Akwai sauran alamomin da hukuncinsu ɗaya da zazzaɓi. Aman da ya hana ko ruwa zama a ciki tsawon yini, gudawa mai yawa, haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko rikicewar hankali. Sai kuma wata da mutane ba su cika sani ba: sabon ciwon baya mai tsanani tare da nauyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, musamman ga mai sankarar mama ko ta maza, wato ta prostate da ke ƙarƙashin mafitsara. Wannan yana iya nufin ciwon yana danne lakar baya, kuma kwana ɗaya ko biyu na jinkiri yana iya zama bambanci tsakanin tafiya da ƙafa da zama a keke. A tanadi mai mota ko mai adaidaita sahu ɗaya a unguwa wanda ya amince a tashe shi da dare, a kuma ware kuɗin wannan tafiya a wuri daban, kada a taɓa su don cefane.

Mataki na uku: a raba jinyar

A yawancin gidaje jinya kan faɗa wa mutum ɗaya, galibi mace, mata ko 'ya ko ƙanwa, sauran dangi kuma su zo dubiya su ce Allah ya sawwaƙe su tafi. Maganin ciwon daji yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya haura shekara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da zarar tsaiko na farko ya faru, babban gida ya tara waɗanda abin ya shafa a zauna a raba aiki da suna. Mutum ɗaya ya zama shi ne mai magana da likitoci kuma mai riƙe littafi, domin idan yau wannan ya raka gobe wancan, bayani yakan tarwatse. Wani ya riƙe kuɗi da rasit. Wata ta ɗauki girki, wani ya ɗauki kai yara makaranta, wani kuma ya karɓi kwana biyu a mako don mai kwana da maras lafiya ta sami barci.

Abokai da maƙwabta sukan ce idan akwai abin da ake bukata a faɗa, kuma da gaske suke, sai dai mai jinya ba zai iya buɗe baki ya roƙa ba. Wanda yake son taimakawa ya ambaci abin da zai yi da kansa. Ya ce: “Yaya, ranar Talata ni zan kai ku asibiti, ƙarfe 6 ina ƙofar gida.” Ko ta ce: “Hajiya, abincin daren Alhamis da Juma'a daga gidana zai zo, kada ki ɗora tukunya.” Irin wannan magana tana sauke nauyi nan take, ba ta kuma sa kowa jin ya yi bara.

Mataki na huɗu: kwanakin jiran jini ya hau

Idan fararen ƙwayoyin jini ne suka yi ƙasa, galibi ana jira mako guda a sake gwaji, wani lokaci likita ya rubuta allurar filgrastim mai zaburar da ɓargo, ko ya rage yawan maganin a zagaye na gaba. Rage maganin dabara ce ta likitanci da ake yi a ko'ina a duniya, kada a ɗauke shi a matsayin an sallama. Allurar tana bukatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka gidan da wuta ba ta tsayawa gara a sayo ta ranar da za a yi ta. Idan kuwa jan jini ne ya ragu har ana bukatar ƙarin jini, a nan ne samarin dangi da abokai suke da rana. Kada a jira sai an ce a kawo leda biyu sannan a fara kiran waya. Tun farkon magani a rubuta sunayen masu lafiya 5 ko 6 da suka amince za su bayar, waɗanda suka kai shekara 18 kuma nauyinsu ya kai kilo 50.

Babu abincin da zai ɗaga fararen ƙwayoyin jini cikin kwana biyu, duk abin da masu talla za su faɗa, amma rama tana jawo ƙarin tsaiko, saboda haka cin abinci wani ɓangare ne na magani. Mai shan kemo bakinsa yakan yi ɗaci, ƙamshin miya ya tayar masa da zuciya, wani lokaci bakin ya yi gyambo. Cika masa kwano da tuwo a tsaya a kansa ana cewa sai ya cinye ba ya haifar da komai sai amai da ɓacin rai. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini: kunun gyaɗa, alale, dafaffen ƙwai, faten dankali, farfesun kaza ko kifi marar yaji. Idan bakin ya yi gyambo ya riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a rana. A kwanakin da garkuwar jiki take ƙasa a guji nonon da ba a tafasa ba, da yankakken kankana ko abarba na bakin titi, da ɗanyen ganye, da tsiren da ya jima a buɗe. Ruwan sha ya zama tafasasshe ko na roba mai inganci. Maganar da ke yawo a WhatsApp cewa a hana maras lafiya nama da duk wani abu mai zaƙi don a kashe ciwon da yunwa ba ta da tushe; mutumin ne yake ramewa, ciwon bai fasa girma ba.

Idan azumin Ramadan ya riski mutum a tsakiyar kemo, ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka, musamman idan maganin irin wanda ke bukatar shan ruwa da yawa ne don kare ƙoda. Shari'a ta riga ta yi wa maras lafiya rangwame, kuma zai fi sauƙin karɓa idan malamin da yake girmamawa ne ya gaya masa.

Mataki na biyar: idan kuɗi ne ko na'ura

Kuɗi ne suka fi komai katse magani a ƙasar nan, kuma kuskuren da ake yi shi ne a tara na zagaye ɗaya kawai a fara, sai a na uku hannu ya ƙare. Mai riƙe kuɗi ya nemi a ƙiyasta masa abin da maganin zai ci gaba ɗaya, har da gwaje-gwaje da kuɗin mota da masauki, ya kai wa dangi lissafin a rubuce. Mutane sun fi sakin hannu idan sun ga adadi da rasit, kuma alkawarin wani abu ƙayyadadde duk wata ya fi kyauta mai tsoka sau ɗaya amfani. A faɗa wa likita gaskiyar halin aljihu, domin sau da yawa akwai magani mai rahusa da zai iya maye gurbin mai tsada. A leƙa sashen jin ƙai na asibiti, a tambayi batun asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta maza a wasu manyan asibitoci, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Mai inshorar lafiya ya bincika abin da take ɗauka. Zakka ma halal ce ga wanda jinya ta talauta. Idan za a nemi taimako a Facebook, sai da yardar maras lafiya, kuma ba dole ne a buɗe jikinsa a hoto ba. Takardar asibiti ta isa hujja. A kuma sayi magani a kantin asibiti ko wurin mai lasisi, domin hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan jabun magungunan ciwon daji.

Gashi yana da nasa hukunci. Ana yin sa kullum daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni, kuma a wasu cututtukan tazara tana rage amfaninsa ƙwarai. A sankarar bakin mahaifa, misali, ana son a kammala gashin gaba ɗaya cikin mako 8. Saboda haka idan na'ura ta tsaya ba a san ranar gyara ba, kada a koma gida a zauna jiran kira. A nemi likita ya rubuta takardar tura maras lafiya wata cibiya, wadda ta bayyana adadin gashin da aka riga aka yi da wanda ya rage, a karɓi kwafin hotuna da sakamakon gwajin tsoka. Cibiyoyin gashi kaɗan ne, a Arewa akwai a Zariya da Sakkwato da Abuja da wasu 'yan wurare, a Nijar kuma cibiyar Yamai ta fara aiki a 2021, don haka a yi waya a tabbatar na'urar wurin tana aiki kafin a hau mota. Ɗan'uwa ko abokin da ke zaune a garin da cibiyar take, idan ya ba da ɗaki na wata guda, ya yi taimakon da ya fi kuɗi masu yawa.

Mataki na shida: a tsare ƙofa

Dubiya ibada ce kuma tana ƙarfafa zuciya, amma ɗaki cike da mutane a kwanakin da garkuwa take ƙasa hatsari ne. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya, mai shiga ya wanke hannu, zama kuma ya zama gajere. Dattijo ko dattijuwar gida ce ta fi dacewa da wannan aiki, domin ita ce za ta ce “Malam yana hutawa, zan gaya masa kun zo” ba wanda ya ji haushi. Ciwon daji kuwa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware masa kwano ko hana jikoki zuwa kusa da shi.

Abin da ya fi ƙwayar cuta wuyar tarewa shi ne shawara. A ranar da aka ɗage kemo, a ranar ce wani zai zo da labarin mai magani a wani ƙauye wanda ya warkar da wance, wata ta ce ai daji ba ya son ƙarfe ko allura, wani ya kawo jarka. Duk cikin ƙauna suke yi, kuma zuciyar da ta karaya tana saurin karɓa. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani ba sa karo da kemo, a yi su gwargwadon iko. Amma duk abin da za a sha ko a shafa a kan ciwo, jiƙo ne ko gari ko ƙwayoyin ƙarin kuzari, a kai wa likita ya gani tukuna, saboda hanta da ƙoda su ne suke tace kemo, idan jiƙo ya taɓa su kuwa an sami sabon dalilin ɗage magani. Iyali su amince da amsa ɗaya da za a riƙa ba kowa: mun gode, za mu nuna wa likitansa.

Mataki na bakwai: idan sakamako ya zo ba yadda ake fata ba

Wani tsaikon ya fi ɗage kwana nauyi: hoto ya nuna ƙarin bai ragu ba, ko ciwon ya dawo bayan an yi murna. A ranar ba a yanke shawara. A koma gida, a bar mutum ya yi kukansa ba tare da an toshe masa baki da “ka yi haƙuri” tun bai gama magana ba, kuma kada a fassara kukan da raunin imani. Bayan kwana ɗaya ko biyu a koma da littafi a tambayi likita ko akwai wani nau'in magani, me ake fatan zai yi, warkarwa ko tsawaita kwana ko rage ciwo, nawa zai ci, kuma wace wahala ke tare da shi. Neman ra'ayin likita na biyu haƙƙi ne, likitan kirki ba ya jin haushinsa.

A al'adarmu dangi sukan roƙi likita ya ɓoye wa maras lafiya. A ganina wannan ya fi cutar da shi fiye da yadda ake zato, domin mai ciwo ya riga ya karanta fuskokin mutanensa, ɓoyewar tana barinsa ne shi kaɗai da tsoronsa, ta kuma hana shi biyan bashi da yin wasiyya da neman gafarar wanda yake so. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a tambaye shi: “Baba, kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so ya yi da mu?” Abin da ya zaɓa a bi. Ga matar da aka cire wa mama ko gashinta ya zube, maganar miji ta fi ta kowa nauyi, kuma rakiyarsa zuwa asibiti da ƙafarsa tana kashe tsegumin dangi da na kishiyoyi fiye da kowane bayani. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 yana hana barci da ci, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta da ɗora wa mutane nauyi, a gaya wa likita, domin wannan ma yana da magani.

Ko an daina kemo, ba a daina jinya ba. Manyan asibitocin koyarwa da dama suna da masu kula da rage raɗaɗi, kuma maganin mofin na sha, idan likita ya rubuta aka bi ƙa'ida, yana kwantar da ciwo mai tsanani. A ba da shi a kan lokacin da aka tsara, kada a jira sai ciwo ya taso, a haɗa da maganin taurin bayan gida tun ranar farko domin kusan kullum yana jawo shi. Tsoron kada mutum ya kamu da shaye-shaye bai kamata ya sa a bar shi yana murƙususu ba. Mai jinyar da ta kwana uku ba barci ita ce take mance lokacin magani, saboda haka jadawalin karɓa-karɓa da aka tsara tun farko a sake duba shi a wannan mataki, a ƙara mutum na biyu a kwanan dare, a kuma rubuta lokutan maganin a takarda a manna a bango inda duk wanda ya karɓi jinya zai gani.